Yadda ake gyaran gilashin gaban mota idan tsakuwa ta sare shi

Duk mai bin hanyar Kano ko ta Kaduna daga Zariya ya san wannan ƙarar. Kana bayan tifa da ta yi lodin tsakuwa ba a rufe ta da tamfol ba, ko tirela ta wuce ka tana taka gefen kwalta, sai ka ji "tas!" kamar yaro ya harbo ka da danƙo. Ka duba, ga ɗan tabo a gilashi bai fi ƙwayar dawa ba. Yawancinmu a nan muke cewa Allah ya kiyaye gaba, mu ƙara wuta. Ni ma haka na yi a karon farko, daidai Tashar Yari. Tabon ya yi kusan mako biyu yana zaune lafiya, sai ran nan na ba da wankin mota da tsakar rana. Ruwan sanyi na sauka a kan gilashi mai zafi, tsaguwa ta miƙe daga gaban fasinja har gabana. Abin da 'yan kuɗi kaɗan za su gyara ya koma sayen sabon gilashi.

Bayan wannan asarar ce na riƙa zama wajen masu aikin gilas ina kallon hannunsu, har na soma gyara nawa da na 'yan uwa. Abin da na fahimta shi ne aikin ba shi da wuya, amma ba ya son jinkiri, kuma ba ya son ƙura.

Abin da ke cikin gilashin

Gilashin gaba ba falle ɗaya ba ne. Falle biyu ne, kowanne kaurinsa wajen milimita 2, aka manne su da wata siririyar leda mai danƙo a tsakiya, wadda ake kira PVB, kaurinta yawanci milimita 0.76. A masana'anta ake gasa su tare cikin zafi da matsi har su zama kamar abu ɗaya. Dabarar tsohuwa ce, wani masanin sinadarai ɗan Faransa mai suna Edouard Benedictus ya yi mata rajista tun 1909. Ledar nan ce ke riƙe gilashin in an yi haɗari, shi ya sa za ka ga ya yi yanar gizo amma bai zube ba. Gilasan gefe da na baya a yawancin motoci wani iri ne daban, falle ɗaya ne da aka gasa aka sanyaya da sauri, in ya fashe sai ya zube gaba ɗaya kamar tsakin masara. Wannan ba a gyara shi, sai canji.

Idan tsakuwa ta bugi na gaba, yawanci fallen waje kaɗai take fasawa. Baƙi-baƙin da kake gani a cikin tabon ba datti ba ne tukuna, iska ce ta shiga tsakanin tsagewar. Gyaran gaba ɗayansa shi ne a zuƙe iskar nan, a cika gurbinta da wani ruwan gam garai-garai da ake kira rezin, sannan a busar da shi da hasken rana. Rezin yana karya haske kusan yadda gilashi ke yi, shi ya sa in ya cika ramin tabon ke dusashewa, kuma in ya bushe ya haɗe ɓangarorin biyu tsaguwar ta daina tafiya.

Kafin ka isa gida

Abu mafi muhimmanci a wannan rubutu shi ne wanda ya fi arha: ka ajiye farin salatif a aljihun mota. Da zarar tsakuwa ta sare ka, ka nemi wuri mai kyau ka tsaya, ka share gefen tabon da busasshen ƙyalle ba tare da ka danna ba, ka manna salatif a kai ta waje. Salatif ba ya hana tsagewa, aikinsa ya toshe ƙofa. Da hunturu, ƙurar da ke tashi daga Kwangila zuwa Samaru kaɗai ta isa ta shige ramin, kuma ƙura in ta shiga tsaguwa babu abin da ke fito da ita. Da damina ruwa ne ke shiga, tare da laka da sabulun wanki. Tabon da aka rufe nan take in an gyara shi da ƙyar za ka gane wurin. Wanda ya yi wata a buɗe zai kama, amma dattin zai zauna a ciki har abada.

Daga nan ka lallaɓa motar. Kada ka juya iskar esi kan gilashi in ya sha rana, musamman a Maris da Afrilu da mota ke komawa tanda in an ajiye ta a fili. Kada ka zuba ruwan zafi da sanyin asuba don wanke hazo. Gilashi yana buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, in gefe ɗaya ya riga ɗaya, wurin da ke da rauni shi ke biya. Ka bi ramuka da tudun rage gudu a hankali, ka daina buga ƙofa da ƙarfi alhali tagogi suna rufe.

Sai abin da na fi roƙon mutane su bari: sufa gulu da jan farce. Na san ana yi, kuma mai yin yana ganin taimako ya yi. Sufa gulu bushewa yake a bakin ramin kafin ya shiga ciki, ya yi fari, ya toshe hanyar da rezin zai bi. Wani dattijo mai aikin gilas da na saba da shi in aka kawo masa irin wannan sai ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ai ka riga ka rufe mini ƙofa."

Wanda ake gyarawa da wanda ba a gyarawa

Ka tsaya ka duba tabon da kyau a wuri mai haske. Akwai mai zagaye kamar idon kifi, shi ya fi sauƙi. Akwai mai ƙafafu kamar tauraro, wannan ya fi saurin gudu kuma ya fi cin lokaci, don sai rezin ya kai ƙarshen kowace ƙafa. Akwai wanda ya haɗa biyun. Sai doguwar tsaguwa mai kama da zare.

Awon da nake yi mai sauƙi ne. In marfin kwalbar lemo ya rufe tabon duka har da ƙafafunsa, wato bai wuce santimita 2 da rabi zuwa 3 ba, za ka iya gwadawa da kanka. In tsaguwa ce da ba ta kai tsawon takardar naira dubu ba, wajen santimita 15, gwani zai iya tsayar da ita, amma ban ba ka shawarar ka fara koyo da ita ba. Sannan ka shiga cikin motar ka shafa wurin da farce. In ka ji kaushi ta ciki, fallen ciki ma ya fashe, maganar gyara ta ƙare. Haka in tsagewar ta kai bakin gilashi ko tana kusa da shi da kamar faɗin yatsu uku, domin gefen ne ke ɗauke da nauyin jijjiga, gyara a wurin ba ya daɗewa. Haka kuma in ledar tsakiya ta soma yin fari kamar madara a kewayen tabon, ruwa ya riga ya raba ta da gilashin.

Wuri ɗaya da ya kamata ka yi wa kanka tsanani shi ne daidai saitin idon direba. Ko gyaran ya yi kyau yakan bar ɗan tabo, kuma da dare fitilar mai zuwa tana warwatsewa a kansa. A Ingila, wajen binciken lafiyar mota na shekara-shekara, lahanin da ya wuce milimita 10 a saitin sitiyari yana kayar da mota, a sauran inda waifa ke sharewa kuma milimita 40. Mu ma a nan tuƙi da fasasshen gilashi yana cikin laifuffukan da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ke tsayar da mutum a kai.

Aikin kansa

Kayan gyaran suna zuwa a ƙunshi ɗaya, ana samu a wasu shagunan kayan mota, ana kuma yin odarsu ta intanet. Wanda ya fi yawa yana ɗauke da 'yar kwalbar rezin, sirinji, faifan roba mai gam fuska biyu da rami a tsakiya, ɗan mazurari na roba da ke zama a kan faifan, 'yar farar leda, allura da reza. Akwai wani iri mai ƙafafu da ke kama gilashi, ana murɗa shi maimakon sirinji, amma hikimar ɗaya ce. Ka duba kwanan watan rezin kafin ka biya. Wanda ya daɗe a shago yana shan zafi yakan yi kauri, ba ya shiga siririyar tsaguwa. Ka haɗa da safar hannu, don rezin yana sa ƙaiƙayi, da tsohon ƙyalle da za ka shimfiɗa a kan bonet, don yana ɓata fenti.

Da farko ka zaɓi lokaci da wuri. Hasken rana ne ke busar da rezin, saboda haka in ka fara aiki a fili zai daskare kafin ya kai inda ake so. Ka shigar da motar gareji ko ƙarƙashin rumfar kwano. Inuwar darbejiya ba ta isa ba, haske yana ratsowa kuma ganye na zubowa. Ka ɗora bayan hannunka a gilashin: kada ya yi zafi, kada kuma ya yi sanyi ƙarara. Da bazara ka yi da sassafe kafin rana ta ɗaga, da hunturu ka jira hantsi, ka kuma zaɓi ranar da iska ba ta kaɗawa sosai.

Sai share ramin. Da bakin allura za ka tsince ɓurɓushin gilashin da ke ciki, a hankali, ba tono kake ba. Ka hure su. Ka goge kewayen da ƙyallen da ka ɗan jiƙa da sifirit, amma kada ka bari ya gangara cikin ramin, kada kuma ka fesa ruwan wanke gilashi. In kana zaton akwai danshi a ciki, ka kunna iska mai ɗumi ta ƙasan gilashi na 'yan mintoci, ko ka yi amfani da na'urar busar da gashi daga nesa, sannan ka jira ya huce. Rezin da ruwa ba sa zama wuri ɗaya, in ka yi gaggawa a nan gyaran zai fito da hazo.

Yanzu ka ɓare fuska ɗaya ta faifan ka manna shi yadda ramin faifan zai zauna daidai kan bakin tabon. Ka leƙa ta cikin mota ka tabbatar, don wannan ne kuskuren da sababbin hannu suka fi yi. Ka danne gefensa da yatsa ko'ina, ka ɓare ɗaya fuskar ka ɗora mazurarin, bakinsa yana kallon sama. In akwai inda bai kama ba, iska za ta riƙa shiga ta nan, sirinjin ya yi ta aikin banza.

Ka ɗiga rezin a cikin mazurarin gwargwadon abin da takardar kayan ta ce, amma ka rage kaɗan, za ka buƙace shi a ƙarshe. Ka cusa sirinjin a bakin mazurarin sandarsa tana ƙasa, ka riƙe mazurarin da hannu ɗaya, ka ja sandar sama har inda maƙallinta yake ka maƙale. Wannan shi ne zuƙar iska. Ka bar shi kamar minti 10. Za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa ta cikin rezin, iskar da ke cikin tsaguwa ce ke fita. Kana iya ƙwanƙwasa gilashin a hankali da gaɓar yatsa a gefen wurin don kumfar da ta maƙale ta saki.

Bayan nan ka zare sirinjin gaba ɗaya iska ta shige shi, ka mayar, sannan ka danna sandar ƙasa ka maƙale. Yanzu matsi ne ke tura rezin cikin gurbin da iska ta bari. Wannan ya fi ɗaukar lokaci, minti 20 ko fiye. A nan ake gane mai haƙuri. Ka zauna a kujerar gaba ka riƙa kallon tabon ta gefe, ba kai tsaye ba. Ƙafar da ta cika za ka ga ta ɓace daga tushe zuwa ƙarshe, wadda ba ta cika ba tana nan baƙa ko tana ƙyalli. In wata ƙafa ta ƙi, ka sa babban yatsa ta ciki daidai ƙarƙashinta ka ɗan tura, turi irin na taɓa ƙwai, tsaguwar za ta ɗan buɗe rezin ya wuce. In ka ga ƙafar ta ƙara tsawo, ka ɗauke hannunka nan take. In har akwai sauran baƙi, ka maimaita zuƙa da matsi, ko sau uku ne. Muddin ba ka fita rana ba kana da dama. Da zarar ya bushe da iska a ciki, shi ke nan, ba a sakewa.

In ka gamsu, ka zare sirinji, ka sa reza ka ɗaga faifan da mazurarin, ka goge abin da ya malalo ba tare da ka taɓa ramin ba. Ka ɗiga ɗigo ɗaya na ragowar rezin a bakin ramin, ka shimfiɗa farar ledar a kai, ka bi ta da gefen reza a kwance don kumfa ta fita. Ledar tana da aiki biyu: tana daidaita fuskar, tana kuma tsare rezin daga iska, don saman da iska ke taɓawa ba ya bushewa sosai, danƙo yake yi.

Sai ka fito da motar rana. A ranar Zariya minti 15 zuwa 20 sun isa, in akwai hadari ko hazo mai kauri ka ba shi awa ɗaya. Masu sana'ar suna da fitila ta musamman da ke yin wannan cikin 'yan mintoci ko da dare. Ka ɓare ledar, ka taɓa da farce, in ya yi tauri ka tsayar da reza a tsaye cak a kan gilashin ka kankare abin da ya yi tudu har ya yi daidai da sauran. Kada ka kwantar da rezar, za ta iya tsinko rezin daga cikin ramin. Ka goge, ka gwada waifa, in ta wuce ba ta yi tsalle ba aiki ya yi.

Kada ka sa ran wurin zai koma kamar ba a taɓa ba. Ɗan ɗigo zai rage kamar sawun ruwa. Doguwar tsaguwa kuwa masu aikin sukan huda ɗan rami a ƙarshenta da siririn abin huji, a fallen waje kaɗai, sannan su bi ta da rezin kaɗan-kaɗan. Hannu ya ɗan zarce ya taɓa ledar tsakiya an ɓata, shi ya sa na ce a bar wa gwani.

In canji ya kama

Wannan ba aikin gida ba ne, amma ka tsaya a kansa, kada ka ajiye makulli ka tafi. Tsofaffin motoci irin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna roba ce ke riƙe gilashinsu, da igiya ake jan leɓenta a zaunar da shi. Motocin yanzu da gam ake manne shi a jikin ƙarfe, ya zama ɓangare na ƙarfin motar. Yana taimaka wa rufi in mota ta kife, kuma a motoci da yawa jakar iska ta fasinja gilashin take dogara da shi in ta buɗe. Gilashin da bai kamu ba ficewa zai yi a lokacin da aka fi buƙatarsa.

Ka fara da duba tambarin da ke kusurwar ƙasa. Za ka ga sunan kamfani, irin su Pilkington, Sekurit, AGC, Fuyao ko XYG, da alamar AS1, ko harafin E da lamba a cikin da'ira tare da 43R. Gilashin da babu tambari ko kaɗan ka bar musu abinsu. In na hannu za ka saya, wanda ake ce wa Beljiyam, ka ɗaga shi saitin rana ka duba ƙananan ramukan da yashi ya yi masa, ka bi gefensa ka ga ko ya soma fari ko ya ɓantare.

Sai ka tambayi mai aikin, "Malam, wane gam za ka sa?" In ya ce baƙin gam, ka ce ya nuna maka robar da gam ɗin ke ciki. Abin da ake so shi ne foliyuretan na gilashin mota, kuma wanda kwanansa bai ƙare ba. Silikon na tagar gida, mai warin tsami, yana tare ruwa amma ba ya riƙe gilashi a haɗari. Ka lura da yadda zai yi: ya cire waifa da robar ƙasa da madubin ciki, ya yanke tsohon gam da waya, ya aske shi ya bar kamar milimita 1 zuwa 2, don sabon gam yana kama tsohon gam mai tsabta fiye da yadda yake kama ƙarfe tsirara. Duk inda wuƙa ta karce fenti sai an shafa firaima, wato ruwan da ake fara shafa wa ƙarfe kafin a zuba gam, in akwai tsatsa a kankare ta tukuna, in ba haka ba damina biyu ta isa ruwa ya soma ɗigo a kan dashbod. Baƙin zanen da ke kewaye da gilashin ba ado ba ne, shi ke kare gam daga rana, nan ma a goge shi tas kada a taɓa da hannu mai maiƙo. Gam ɗin a zuba shi a tsaye mai tsini, zagaye ɗaya babu yankewa, mutum biyu su ɗora gilashin sau ɗaya kafin gam ya yi fata. In motarka tana da kyamara a bayan madubin ciki mai lura da layin hanya, sai an sake saita ta da kwamfuta bayan canji, ka tambaya tun kafin a cire tsohon.

Lokacin jira yana rubuce a jikin robar gam, wani awa ɗaya, wani sa'o'i da yawa. Danshin iska ne ke busar da shi, saboda haka da hunturu ka ƙara masa lokaci. Ka bar salatif ɗin da aka kama saman gilashin da shi ya kwana, ka sauke tagogi kaɗan, ka ja ƙofa a hankali, kada ka kai wanki sai bayan kwana biyu. Ran da za a wanke, ka zauna a ciki a zuba ruwa ta saman rufi, kana bin gefen gilashin da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa. In ka ji danshi, ko ka hau hanyar Funtuwa ka ji iska tana fito ta gefe, ka koma wurin mai aikin a ranar.